Jitar Hasan, Daga Ƙashi Zuwa Tagulla

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar Hasan, abokin tagwaitakata. Ciki ɗaya muka kwanta, rana ɗaya muka faɗo duniya a wani gidan mahauta da ke Ƙofar Rini a Sakkwato. Shi ya riga ni zuwa, shi ya riga ni komawa. Ni Husaini ga ni yau da furfura har a gira, haƙoran da na ci nama da su duk sun yi mini sallama, shi kuwa har gobe saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da can mutane kan ce in kewarsa ta dame ni in je in duba madubi. Madubin ya daɗe da daina nuna mini shi. Wani tsoho nake gani mai kama da babanmu.

Fawa muka gada kaka da kakanni. Babanmu mahauci ne da ake ji da shi, mutum mai gaskiya, mai kaifin harshe, wanda in ya faɗi magana ba ya komawa ya tsince ta. Ranar kasuwa makaɗan kalangu kan tsaya gaban rumfarsa suna kaɗa masa take, shi kuma yana sara yana murmushi ƙasa-ƙasa. Ni wuƙar nake kallo, Hasan kuwa hannun mai kalangun. Tun muna 'yan yara an san inda kowa ya dosa, Baba ne kaɗai ya ƙi gani.

Muna tasowa aka shiga hidimar karɓar mulkin kai. Gari ya cika da akawuna da ma'aikata daga kudu, suka buɗe kulob ɗinsu, suka kafa ƙungiyar kiɗa a ƙarƙashin wani mai busa ƙaho da muke kira Oga Sande. Hasan ke kai musu nama. Sai ya zamana in ya kai naman safe ba a ganinsa sai azahar. Bayan samun 'yanci da kaɗan, wani Bature da zai koma gida ya bar wa Oga Sande wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake haɗawa da akwatin sauti mai aiki da lantarki. Bes suke kiranta. Ba ta da zaƙin murya, sai dai amo mai nauyi da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka. Babu wanda ya iya ta a ƙungiyar. Hasan ya ɗauka, kafin damina ta fita ya mayar da ita kamar da ita aka haife shi.

Aibinta ɗaya, jakinta ya lalace. Ga wanda bai sani ba, jaki shi ne ɗan abin nan da tsirkiyoyi ke hawa a gindin goge ko molo, shi ke ɗaga su daga jikin kayan kiɗan. Na jitar Baturen na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi, gefe ɗaya ya karye. A Sakkwato ta wancan zamani ina za ka samu irinsa? Hasan ya yi abin da ɗan mahauci zai yi. Ya zaɓi ƙashin ƙwaurin wani bijimi daga rumfar Baba, ni na dafa masa shi na kankare kitsen na shanya, shi kuma ya zauna da magagari yana goga har ya fitar da jaki fari fat, da gurbin kowace tsirkiya. Da ya cire tsohon ƙarfen ya tarar da wata siririyar waya ta leƙo daga cikin katakon. Bai ga abin da za ta kama a jikin ƙashi ba, sai ya lanƙwasa ta ya mayar ciki. Jita ta yi magana, amma akwatin ya kama wani gunji kamar an taɓa amya, Oga Sande kullum yana tsaki a kai.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Wani ya kai wa Baba labari a mayanka, har da ƙarin gishiri, wai ƙashin shanunsa ne ke sa matan bariki rawa. Da yamma ya kira mu zaure. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mana sauƙi.

"Mahauci kiɗa a ka yi mai, ba shi ka yi ma wasu ba," in ji shi. "Kuma ƙashin sana'ata ba ya zuwa gidan rawa. Ka ɗebe shi."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Hasan. Kowace safiya za mu durƙusa tare, ni a amsa mini, shi a kau da kai. Wanda bai taɓa gaida mahaifinsa aka yi masa shiru ba, ba zai san nauyin abin ba. Hasan mai dariya ne, mai tsokana, amma na ga ya fara ramewa. Ba ya son ya bar kiɗa, ba ya kuma iya rayuwa da shirun nan. Abin da yake nema a duniya bai wuce Baba ya buɗe baki ya ce masa lafiya lau ba.

Sai ya yi rabin biyayya. Ya cire ƙashin, ya kai ya ajiye a gaban Baba. Sannan ya nufi wajen wani maƙerin fari da ke yi wa mata mundaye, ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke. Ya ce tunda za a sake, to a yi wanda ya fi na Bature: na tagulla mai nauyi, kowace tsirkiya da nata mazauni, da ɗan noti da za a iya ɗaga ta ko a sauke ta. Maƙerin ya ɓata biyu kafin na ukun ya fito. Ni na riƙe masa wuyan jitar ranar da zai ɗaura. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya share gurbin, ya zaro siririyar wayar nan ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin tagullar kamar yadda Oga Sande ya nuna masa, ya bi kusoshi ya ɗaure tamau. Da aka kunna akwati, gunjin nan ya ɗauke ɗif. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, amon ya tafi yana tafiya, ka ce ba zai tsaya ba. Ya dube ni ya ce, "Usaini, ka jiya? Yanzu tay yi baki." Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin maganar zaure.

Daga baya ya ce mini wani lokaci tsirkiyoyin kan ɗan cije shi a yatsa. Oga Sande ya ce duk akwatunan lantarki haka suke, ba komai. Mu da muka tashi da fitilar aci-bal-bal, me muka sani game da lantarki? Muka yi dariya, na ce ai jitar ma ta gane ɗan mahauci ne, nama take nema.

Nakan zauna in yi tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. In ka bi ta Gidan Igwai da yamma, kowane shago da irin kiɗan da ke tashi, ga Keke Napep na wucewa da nasa. Yaro ɗaya zai shige ɗaki da kwamfuta ya fito da waƙa mai ganga da jita da ƙaho, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Na san Hasan, da sai ya yi musu shaƙiyanci ya ce kiɗan da bai fasa maka yatsa ba ai ba naka ba ne, sannan gobe ka same shi a ɗakin yana tambaya a koya masa. Wani jikana ya nuna mini a wayarsa jakunan jita iri-iri, ka zaɓa a kawo maka har gida, wasunsu kamar a kan zanen Hasan aka ƙera su. Kalangun mahauta kuwa ya yi ƙaranci, rumfarmu ta shekara ba ta ji shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin iyaye yanzu suna zama a sahun gaba suna tafa wa 'ya'yansu mawaƙa. Ba na jin haushinsu. Ina dai kau da kai.

Har yau ban san abin da ya sauko da Baba ba. Inna ta ce ta yi masa magana, ta tuna masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wataƙila kuma ƙashin da aka ajiye masa ne ya yi aiki. Lokacin bikin zagayowar ranar 'yanci aka shirya wasa a fili kusa da Ƙofar Taramniya, da rana tsaka, ba giya ba rawar bariki. An yi ruwan ƙarshen damina kafin azahar, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Bayan la'asar aka tayar da injin wuta, 'yan ƙungiya suka jeru a kan ƙasa cikin fararen riguna da takalman kambas masu tafin roba, irin shigar da Oga Sande ya ɗora musu. Ina gaba-gaba. Kiɗa ya yi daɗi, sai na ji mutane na darewa a bayana. Ina waiwayawa na ga Baba da sandarsa. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya kafa wa Hasan ido.

Hasan ya gan shi. Ya yi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai yi a garinmu, domin ba a tsayawa gaban uba da takalmi. Bai tsayar da kiɗan ba. Ya sa ƙafa ɗaya ya tuɓe ɗayan takalmin, ya sake tuɓe ɗayan, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa da tafin ƙafarsa, ya fara rusunawa da jitar a rataye, hannunsa a kan tsirkiya. A daidai lokacin na ji Baba ya buɗe baki ya ce, "Lahiya lau, Hasan."

Jikinsa ya sandare a haka, a rusune. Amon jitar ya riƙe wuri ɗaya. Wasu suka ɗauka sabon salo ne, har da masu tafi. Oga Sande ne ya jefar da ƙahonsa yana ihu a kashe inji. Kafin a kashe, mai aukuwa ta auku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ne ya fara isa gare shi, ya ɗora kansa a cinya yana ta maimaita amsar gaisuwar nan. Ko Hasan ya ji ta farkon? Shekara hamsin ina juya tambayar, wata rana in ce ya ji, wata rana in ce ƙarar ƙaho ta danne. Wannan rashin sani shi ne ciwon da bai warke mini ba.

Bayan an kwana biyu wani ma'aikacin lantarki ya duba akwatin ya yi mini bayani. Ya ce akwatin na da lahani, wuta na zuba a jikinsa. Siririyar wayar nan ita ta ɗauko wutar ta kai wa tagulla, tagulla ta miƙa wa tsirkiya. Robar takalmi ce ke tsare shi duk tsawon lokacin, shi ya sa cizo kawai yake ji. Na tambaye shi, da ƙashi ne fa? Ya ce wuta ba ta bin ƙashi. Garin neman gira aka rasa ido. Na san kwana ne ya ƙare, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarmarsa zai tafi. Amma maganar ƙashin ban taɓa kai wa Baba ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ta takalmin da ya gani da idonsa ta ishe shi.

In aka tambaye ni me ya rage na Hasan, sai in rasa abin nunawa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Ba a ɗauki kiɗansa a faifai ba, waɗanda suka ji shi kuma sun kusa ƙarewa. Jitar, Oga Sande ya tafi da ita kudu, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Allah ya jiƙan Hasan, ya jiƙan Baba, ya haɗa su inda za su gaisa a tsanake.

Abu ɗaya dai ya bari a gidanmu. Washegarin sadakar uku na je gaida Baba, na sunkuya zan tuɓe takalmi a bakin zaure, sai ya daka mini tsawa da muryar da ban san shi da ita ba.

"Bar su! Koway shigo gidanga shi gaishe ni da takalminai."

Haka ya zauna har ƙarshen ransa. Kuma ba ka gama gaishe shi zai amsa, ko yana fushi da kai, ko ɗazu kuka rabu. 'Ya'yana a haka suka tashi, jikokina ma haka. Unguwa ta sha yi da mu, wai gidan mahautan nan ba a koya wa yara ladabi. Ba mu taɓa tsayawa yin bayani ba.

Kwanan baya matar wani jikana, wadda ba ta daɗe da shigowa gidan ba, ta ga ƙaramin ƙanen mijinta ya faɗo mini ɗaki da takalmi yana gaishe ni. Ta kama kunnensa za ta fitar da shi. Na ce ta ƙyale shi. Ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Baba, a gidanmu ba haka a ka yi ba."

Na ce, "Na sani, ɗiyata. Mu ma da ba haka mu ka yi ba."