Shayar Garkar Yayata

Shekarar da hanya ta lalace tsakaninmu da gari, ciwon suga ya tsananta wa yayata, sai ɗiyarta ta ɗauke ta daga Kurawa zuwa Isa, kusa da asibiti. Ta bar mani garkarta ta bayan gida, da tsohon kasko a gindin zogale inda take zuba wa tsuntsaye ruwa.

Cikin masu zuwa sha akwai wata shaya mai ɗingishi, baƙa mai ƙyallin shuɗi idan rana ta taɓa ta. Duk sanda muka yi waya da yayata, shayar take fara tambaya kafin iyalina.

"Malam, ɗauko mani hotonta in gani. Idanun nan sun fara yi mani hazo."

Na ce to, amma ban ɗauka ba. A makarantar zaure an hore mu da gudun surar mai rai, ko a gefen allo ban taɓa zana tsuntsu ba. Na tambayi limaminmu, ya ce hoton waya kamar madubi ne, ba laifi. Zuciyata ba ta kwanta ba, na rubuta wa wani malamina a Sabon Birni takarda da ajami, na zauna jiran amsa. Damina ta shiga ina jira.

Da amsa ta zo, ita ma ba laifi ta ce. Sai kuma shayar ta ƙi ni. Ina ɗaga waya ta tashi. Kwana da kwanaki ina zama bayan dangar kara da hantsi, gwiwa na ciwo, har Allah ya ba ni ita tana sha, kai a sunkuye.

Na ce wa iyalina za ni Isa. Na iske yayata zaune bisa tabarma, na sa mata wayar a hannu. Ta kai ta kusa da fuska, ta juya ta wajen hasken ƙofa, ta daɗe.

"Ina take, dama ko hagu?"

Na kama yatsanta na ɗora a wurin.

"Kai da tambaye-tambayenka," ta ce, ba da faɗa ba. "Da kukanta ka ɗauko, da na ji."

Ta miƙo mani wayar, ta tambaye ni ko zogalen ya yi ganye. Bayan sati biyu aka kira ni jana'izarta.