Mai Saukowa da Baya Daga Tudun Yashi

Kafin in ɗora ruwan shayin baƙi, shi ya riga ya kai ƙolin tudu. Tsintsiyar kaba ce a hannunsa, wadda ya ɗaura wa doguwar sanda, ga buhu rataye a kafaɗa. Daga can sama yake farawa, ya riƙa saukowa da baya da baya, yana share sawun mutanen jiya, yana share nasa a kai. Gorar roba, leda, guntun sigari, takalmi wari ɗaya, duk cikin buhu suke ƙarewa. Wannan tafiyar ce ta sa muke ce masa Baba Da-baya. Ni ce mai dafa abinci a masaukin masu yawon buɗe ido da ke gindin tudun, kuma tun ina goyon 'yata ta fari nake hango shi ta tagar kicin. Yanzu ita ma goyo take yi.

Iska ma tana share yashi, amma iska ba ta karɓar umarnin manaja. Baƙi kuwa tudu suke so mai sumul, kamar ba a taɓa taka shi ba. To, da rana ta leƙo sai motoci su sauke su, su saki baki, su ɗaga wayoyi. Jagoran nasu, da bakinsa kamar rediyo, ya ce musu nan wuri ne da ƙafar ɗan Adam ba ta saba da shi ba. A daidai lokacin Baba yana bayan tankin ruwa yana karkaɗe yashi daga kunnuwansa, don an gargaɗe shi kada ya kuskura ya fito a hoto. Wai yana ɓata kallo.

Direban babbar mota ya ga ranar da Baba ya riƙe wata 'yar barewa tsakanin gwiwoyinsa, ya zaro mata leda daga maƙogwaro, ta harbe shi a ƙirji ta ruga. Dariya kawai ya yi, ya ce ai ta gode ke nan. Mai wanki kuma ta ga ranar da ya goyo wata baƙuwa da zafi ya sumar daga kan tudu har ƙofar masauki. Da matar ta farfaɗo, jagora ta rungume tana hawaye, shi kuma ya tsaya ya karɓe godiyar ko kunya babu.

Sai dai akwai aikin da ba kowa ya sani ba. A bayan tudun akwai ramin yanyawa, wannan 'yar dabbar mai manyan kunnuwa da ke kiwo cikin duhu ta yini a ɓoye. Duk safiya sawunta yakan zana hanya tun daga inda ta yi farauta har bakin raminta, ko yaro zai iya bi. Wannan sawun ne Baba yake fara sharewa, kafin na mutane. Shekara da shekaru tana haihuwa a wurin, 'ya'yan su girma su watse, babu wanda ya taɓa kai hannu.

Kai ne, Baba, ka yi wa dabbar da ba ta san da zamanka ba gadi. Kai ne labulen marasa baki. Yashi ya cinye maka ido, sunkuyo ya lanƙwasa maka baya, ba ka taɓa cewa a duba ka ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, matashi mai turare da tabarau. Ya lura baƙi suna yawan tambayar yanyawa, ya kuma ji cewa a wani masauki suna da guda a ɗaure, ana layi don a yi hoto da ita. Ya kira Baba nan ƙofar kicin, a gabana, ya ce daga gobe a share sawun mutane amma a bar na dabbobi, jagora zai riƙa bi da baƙi. Baba ya yi masa bayani a hankali, cewa uwar ta haihu bai daɗe ba, in aka gano ramin ba za a bar 'ya'yan ba. Manaja ya ce ba shawara ya nema ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "sawu aka ɗauke ni in share. Wannan shi ne wanda ba zan iya bari ba."

Washegari ya share shi tas, jibi ma haka. Ba a kore shi ba, a'a, ai masu ilimi ba sa kora. Cewa aka yi ya tsufa, ya kamata ya huta. Aka tara mu a zauren cin abinci, aka raba lemo, manaja ya yi jawabi har da dafa ƙirji. Sannan aka miƙa masa kyauta a naɗe. Da ya buɗe sai ga hoton tudun cikin firam, sumul, babu sawu ko ɗaya, babu shi. Wallahi na ji kamar in kifa musu tukunya a ka. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu ya yi godiya.

Ba a jima ba jagora ya bi sawu ya kai ga ramin. Suka je da shebur. Uwar ta tsere, ɗa guda ya mutu a tonon, aka kawo ɗayan aka ɗaure shi da igiya a bakin ƙofa, cikin rana tsaka, baƙi suna ɗaga shi suna sumbatar kunnensa.

Ranar hutuna na je gaishe da Baba. Ɗaki ɗaya ne da tabarma, ga maganin ɗigawa a ido kan taga, ga hoton nan 'yarsa ta rataye masa a bango. Tun a ƙofa ta ja ni gefe ta roƙe ni kada in faɗa masa abin da aka yi wa ramin. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi direba da mai wanki, ya tsokane ni wai har yanzu ina cika gishiri a miya. Bai tambayi ramin ba, ni ma ban ɗago kai ba.

"'Yata," ya ce, "in sun ɗaure shi, ki mayar da shi inuwa. Ba ya iya rana."

Na mayar, Baba. Sau nawa ina jan igiyar zuwa ƙarƙashin rumfa, manaja yana sa a dawo da ita, wai hoto ya fi kyau cikin haske. Ɗan ya daina cin abinci, ya mutu da igiyar a wuyansa. Yanzu an ce wa jagora ya nemo wani, kuma ba zai sha wuya ba, don sawu yana nan kwance a fili kowace safiya.

Na gode maka, Baba Da-baya, a madadin waɗanda suka ɗauki hoton aikinka suka kai gidajensu ba su san kai ka yi ba, da kuma dabbobin da suka yi barci lafiya a bayan tsintsiyarka. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido.

Ku kuma masu zuwa kallon tuddan yashi, don Allah ku koma da ledarku, kuma in an miƙo muku dabba da igiya a wuya ku ce ba kwa so. Mu da ke aiki a nan, maganar ta fi shafarmu. Tsintsiyar Baba tana jingine a bayan kicin inda ya bar ta. Jiya na ɗaga ta na ji, ba ta da wani nauyi. Na kai ta gaban direba da mai wanki da sauran ma'aikata, na tambayi wa zai hau tudu gobe da sassafe. Kowa ya dubi ƙofar ofishin manaja.