Kukar Kaka a Cikin Kasko

Ranar jajiberin Ƙaramar Salla ce, a shekarar da azumi ya faɗo cikin farkon damina, ana shuka ana jin ƙishi. Da hantsi Kaka ya sa na share zaurenmu na Babban Duhu, na ɗebo farin yashi daga rafi na baza, na kife tsohon turmi a jikin bango. Sannan ya ce, "Amarya, ɗauko ta. In kika yar da ita, yau ɗin nan na sake ki." Haka yake tsokanata, ni kuma in ce me zan yi da tsoho mara haƙora. Amma ran nan ban rama ba. Na rungumo kaskon kawai, don na ga abin da shi ba ya iya gani. Idanunsa sun riga sun tafi.

Kuka ce a cikin kaskon. Kuka sosai, da gindinta da rassanta, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Mu asali ba 'yan Babban Duhu ba ne. Ƙauyenmu yana can bayan Wagini, har ranar da mahara suka sauko daga arewa suka cinna masa wuta, suka tafi da Ilyasu, yayan babana, wanda bai daɗe da sauke Alƙur'ani ba. Da ƙura ta lafa Kaka ya lallaɓa ya koma. Bai samu komai ba sai allon zayyanar Ilyasu a cikin toka, da wannan 'yar kuka da ta tsiro a gindin babbar kukar ƙofar gidanmu. Ya tono ta ya zo da ita. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya zare ta, ya datse saiwoyinta da aska, ya rage rassan, ya mayar. In an tambaye shi dalili ya ce, "Baƙuwa ce, ba zama ta zo yi ba." A ƙofar gidanmu na can yake nufin ya dasa ta.

Ni ce mai ba ta ruwa, ni ce mai korar awaki, kuma na sha dundu a kanta. Ina cikin gaɗa da ƙawayena sai in tuna ban kife mata kwando ba, in zuba a guje. Innata kuwa ko ganye ɗaya ba ta isa ta tsinka ba, ko da miya za ta kwana ba kuka.

Jeren nan na Salla yana da ƙa'ida. Kuka a kan turmi, ta ɗan karkata wajen ƙofa. Allon Ilyasu a jingine ta dama, a bayanta kaɗan, yadda jan zanensa da kore zai leƙo ta tsakanin rassa. Ta hagu, a ƙasa, ɗan ƙoƙo da ɗoɗɗoya a ciki. Sai da na yi wayo na gane gidanmu na can yake shiryawa: ga kukar ƙofa, ga inda ɗakin Ilyasu yake, ga madafar kakarmu marigayiya inda ɗoɗɗoyarta take fitowa. Masu zuwa gaisuwar Salla wasu su yi shiru, wasu su kauda kai suna dariya. Bai taɓa kula su ba.

Na ajiye komai a gurbinsa. Ya ce, "Ta fito da ganye?" Na ce a'a. Duk kukokin gari sun yi kore shar, ita ko toho babu, fatar gindinta ta yamutse kamar ta tsohuwa. Babana yana tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a bari in kai ta ƙasa. Kaskon nan ya ƙi ta. Makiyayan da suka wuto jiya sun ce har yanzu hanyar ba ta biyuwa, kufan ma ya zama daji." Kaka ya ce, "In na dasa ta a nan, Ilyasu in ya dawo ina zai same mu?" Babana ya sunkuyar da kai. Wallahi na so in yi wani abu, ko mene ne. Sai na ƙara mata ruwa, ruwan ya bi ta tsagin kaskon ya zube a yashi.

Kaka ya miƙo hannu na kai masa kan gindinta. Ya latsa da babban yatsa, ya sake latsawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba da babana yake ba, ba da ni ba, "Kin gaji." Ya juyo ya ce, "Ku kai ta ƙasa."

A bayan rumbu muka dasa ta. Bai biyo mu ba. Washegari masu gaisuwa suka tarar da turmi a kife ba komai a kai, allo yana jingine shi kaɗai. Damina ba ta yi nisa ba ta fesa ganye, na zo da gudu na gaya masa. Ya ce, "Madalla, Amarya." Bai ga wata Sallar ba. Ilyasu kuma har yau ba labari.

Yanzu ni ce tsohuwa mara haƙora. Kukar ta wuce rumbu, ta wuce katanga, jikokina suna rigimar 'ya'yanta, mata suna shanya ganyenta, ba wanda ya san ta taɓa zama a kan turmi. An ce hanya ta yi kyau, mutane suna komawa kufansu. Wani lokaci nakan je in sa hannuwana a gindinta, ba sa ko kai rabi. Lokacin da nake iya ɗaukarta babu hanya. Yanzu ga hanya.