Fankar Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, abin da ya fi ci masa rai shi ne kiran mutane. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fataucin shinkafa, yana ba da umarni ana bi, sai ga shi kwance a gidanmu na Ƙofar Rini, ko fanka sai ya ƙwala kira a kunna masa. Ni ce 'yarsa mai jinyarsa, kuma ina koyarwa da safe.

Yayana da ke ƙasar waje ya aiko da makunnan wuta da ake sarrafawa da waya. Mai gyaran wutar da ya zo haɗawa, wani dattijo Kirista da ya daɗe a Sakkwato, ya ce hanya biyu ce. Ko a ajiye ɗan akwati a gida mai karɓar umarni kai tsaye, ko umarnin ya bi intanet zuwa na'urorin kamfanin da ya ƙera makunnan a can ƙasarsu, sannan ya dawo. Yayana ya zaɓi ta intanet, don ko daga can ya san halin da ɗakin Baba ke ciki. Ban ga laifinsa ba, nisa ke damunsa.

Ranar farko Baba ya taɓa waya da hannunsa mai lafiya, fanka ta juya. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

"Kin gani? Yanzu ba ni biɗar kowa."

Da bazara ta kankama, sabis ɗin intanet ya fara ɗaukewa. Wata rana na dawo daga makaranta da azahar na tarar da shi jiƙe sharkaf da gumi. Akwai wuta, ga fanka a saman kansa, ga makunni a bango, amma ba ya iya kaiwa.

"Tun hantsi nike dannawa," in ji shi. "Wanga wane irin abu na? Fankata tana ɗakina, amma sai an tambayo wasu ƙasar waje?"

Na kunna masa, na fita tsakar gida na yi kuka.

Ba a jima ba kamfanin ya sanar ya daina wannan aikin gaba ɗaya. Dattijon ya dawo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce waɗannan makunnan ba sa aiki da akwatin gida, sai an sake wasu. Yayana ya yi alkawarin aikowa.

Daga nan Baba ya daina kira. Ko zafi ya kai ina, sai na shiga in same shi yana kallon rufi.

"Baba, don me ba ka kira ni ba?"

"Na gaji da roƙo, ɗiyata."

Ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Bayan an tashi daga zaman makoki saƙon yayana na sababbin makunnan ya iso. Yana nan ƙarƙashin gadona, har yau ban yanke igiyar kwalin ba.