Gilashin da Baba Bitrus Ya Sa Na Rina

Ranar Talata da safe ina jiran bas a Makera, ma'aikatan masaƙa suna ta wucewa, sai ga direban asibitinmu ya tsaya a gabana. Ya ce, "Malam Isa, Baba Bitrus ya rasu da asuba." Na ce wane Bitrus, alhali guda ɗaya na sani.

Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya koya mini yadda ake saka tsokar da likita ya yanko cikin kaki, a fere ta siririya, a ɗora kan gilashi a rina, domin a gani a madubin likita ko ciwon daji ya tsaya a fatar cikin tumbi ko ya nutsa. Yakan ce, "Isa, mai wannan naman yana can kwance yana jiranka." Ko da rini ya yi wuyar samu a shekarun nan na tsuke bakin aljihu, bai taɓa yarda a tsinka shi da ruwa ba.

Bara ya ɗauki hutun wata biyu, ya ce zai je gida. Ya dawo a rame, ya ce zazzaɓi ne. Bayan mako guda ya miƙo mini kaki da tsoka a ciki, mai lamba, babu suna.

Na yi rinin da aka saba, shuɗi da ja-ja. Ya duba ya ce bai gamsu ba, in ƙara da wanda ke fito da majina, saboda irin wannan ciwon yakan watsu ɗai-ɗai ya ɓuya. Na yi. Ya daɗe a kan madubin, sannan ya ce, "Zo ka gaya mini abin da ka gani."

Na ce, "Baba, ya ratsa tsokar bangon, ya kai waje. Wannan kam sai addu'a."

Ya ce, "Hannunka ya faɗa. Kai wa likita." Ya ɗauki hularsa ya fita cin abinci.

Sai a wurin gaisuwa a gidansa na Nassarawa matarsa ta gaya mini cewa tiyata aka yi masa a wancan hutun. Ta ce, "Ya ce rininka kaɗai zai yarda da shi." A nan na san naman da ke cikin kakin nan nasa ne.

Har yau ban gane ba. Karramawa ce ya yi mini, ko darasi na ƙarshe? Da na san nasa ne, da na faɗa masa haka kai tsaye? Wata bakwai muka ƙara yi a benci ɗaya, bai ce komai ba, ni kuma ban lura ba.

Allah ya jiƙan Baba Bitrus, ya yafe masa kurakuransa, ni ma ya yafe mini kaifin bakina. Allah ya ba Mama Rifkatu da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu. Amin.