Jan Biro a Takardar Yaya Aina'u

Yayata Aina'u ta shekara talatin tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta. Shekara shida ke nan da aka cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Ta tashi, amma ciwon suga da hawan jini suka tare a jikinta kamar gidan ubansu. Duk bayan wata uku sai ta hau motar Kano a ɗebi jininta. Ta gaji, ni ma mai rakiya na gaji, ba zan ɓoye ba.

Bana da kaka ta karɓo sakamakon gwaji, aka ce ganin likita sai bayan sati biyar. Takardar Turanci ce zalla da lambobi, wani ma'aikaci ya zagaye guda biyu da jan biro. To, ranar da aka fara gaya mata tana da daji, da jan biro likita ya zagaye takardarta. Shi ke nan Yaya ta yanke wa kanta hukunci, ciwo ya dawo.

Abin haushin, mai iya karanta takardar yana cikin gidanta. Yahya, ɗanta na fari, ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin garinmu. Amma Yaya irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa sai dai "wancan", ba ta zama inda yake, balle ta miƙa masa takardar da ta shafi ƙirjinta. Ko lokacin da aka yi mata aiki ni ce mai kai saƙo tsakaninsu.

Ta ninke takardar ta cusa cikin langa. Ta daina shan magani, wai mai shirin tafiya me zai yi da ƙwaya. Ta ba jikarta tunkiya, ni kuma ta aiko mini da kaskon tuyarta. Ranar da na ga kaskon nan a tsakar gidana ban zauna ba. Na je na tsare ta sai da ta faɗa mini. Na yi faɗa son raina, na zaro takardar na kira Yahya.

Ya tsaya a bakin ɗaki daga waje, ita tana ciki ta ba ƙofa baya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi mini bayani. Gwajin da ake bin sawun dajin da shi lafiya lau yake, ba a ma zagaye shi ba. Zagaye na farko suga ce ta hau, na biyu ƙoda ce ta fara gajiya, kuma sugar da hawan jinin ne ke cin ta. Ya tambaya ko tana shan magani. Na ce sati uku rabonta da shi.

Sai ya daina magana da ni, ya juya ga uwarsa.

"Inna, ciwon bai dawo ba," ya ce. "Sati uku kina shirin mutuwa, ina gidan nan ban sani ba."

Ta yi hamdala a hankali, irin ta wanda aka ƙara wa kaya. Sannan ta ce da bango, "Wato dai ba a gama zuwa Kano ba."

Ya ce ba a gama ba. Ya shigo ya ɗauko maganin daga kan taga. Ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta waiwayo ba, ya zuba mata ƙwayoyin a tafi.

Da la'asar ta aiko a karɓo mata kaskonta.