Ramin Dankali a Al Khabaisi

Matso kusa ka ji, wannan ba labarin ɗaga murya ba ne.

A benen da muke haya a unguwar Al Khabaisi ta Dubai an yi wata tsohuwar baturiya, 'yar ƙasar Ailan. Ɗanta ne ya sayar da 'yar gonarsu ya ɗauko ta. Ni kuwa ba mai fita ba ce. Da maigidana ya tafi kasuwar Murshid Bazaar ɗaurin kaya, sai in leƙa ta. Iya nake ce mata. Turancina bai cika cokali ba, amma da baki da hannu sai mu kai la'asar muna hira.

Abin da ta tsira da shi daga gonar nan dankalin turawa ne, ko kwano bai cika ba, ta ɓoyo shi cikin safa. Irin babanta ne, ta ce ba wanda ya rage da shi sai ita. So take ya kai lokacin sanyi ta shuka.

A can garinsu in an haƙe dankali, sai a yi ɗan rami a tula shi, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a bi da ƙasa a daddaɓe, don kada ƙanƙara ta ci shi. Haka ta yi a bayan bene, cikin yashi, ana tsakiyar zafin Dubai.

Ni a Bokkos na tashi, garin noman dankali, mu a inuwa muke baza iri yana shan iska. Na ce, "Iya, yashin nan ba ya ajiya, dahuwa yake. Kawo in baza miki a ɗaka."

Ta buge min hannu tana dariya. "Ke yarinya, tun uwarki ba ta yi haƙori ba nake binne dankali."

Kullum da safe sai ta sauka da sandarta, ta dafa tudun kamar mai taɓa goshin jariri.

Da wari ya taso, mai gadi ya ce khalas, wato ya isa haka, a tone. Tare muka tona. Duk ya narke, baƙi ƙirin. Ta dinga zura yatsu cikin ruɓar tana laluben ko guda ɗaya mai idon tsiro. Babu.

Maigidana ya sayo mata buhu guda a kasuwa. Ta yi godiya, ta ce in dafa wa yara. Ba ta sake sauka ba.

Na hau na zauna gefenta ran nan. Yadda aka koya mata ta yi, ƙasar ce ba tata ba. To kai, da wace kalma za ka yi mata jaje?